Kujerar da kuka jefar bakin bola lafiyarta ƙalau

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka yi aure cikin 'yan shekarun nan, na Jidda da Makka da Madina, da waɗanda neman abinci ya kai Riyad.

Duk wanda ya zaga unguwa a ƙarshen Sha'aban ya san abin da zan faɗa. Kowace kwana ka sha sai ka tarar da kayan ɗaki jibge a gefen kwandon shara: kujerun falo saiti guda, durowa, tebur, katifa a naɗe. Da can mu ne masu tsayawa mu duba mu zaɓi mai kyau. Yanzu masu zubarwar har da mu a ciki. Kujera katakonta garau, yadin ne kawai ya koɗe, soson ya kwanta, sai a ce ta tsufa. A fitar da ita da dare kada maƙwabta su gani, a shiga waya a yi odar sabuwa, a raba kuɗin gida huɗu.

Ku zauna ku yi lissafi, don Saudiyyar yau ba ta iyayenmu ba ce. Harajin saye, dariba, ya shigo a Janairun 2018 da kashi 5 cikin 100, a Yulin 2020 ya koma kashi 15. Kujerar da kuɗinta riyal 3,000 ne, sai ka ɗora 450 kafin ta zama taka. Mai igama, wato takardar zama ta baƙo, kuma yana biyan kuɗin iyali, wanda aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum a Yulin 2017, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, bai ci ba bai sha ba. Waɗanda suke 'yan ƙasa sun huta da wannan, amma ba su huta da haya ba, tun da rusau ɗin Jidda na 2021 da 2022 ya tashi Gulail da Petromin da Karantina da Sabil, jama'a suka watsu neman shugga, wato gidan haya, a unguwannin da ba su saba ba. Ga na gida a Kano ko Damagaram suna jiran saƙo.

Duk kun san wannan lissafin, wasunku sun fi ni saninsa. Abin da ke sa a zubar da kujera mai rai kunya ce. Kada dangin miji su zo barka da salla su ga abin da suka gani bara. Kada ƙawa ta ɗauki hoto a falon labulen ya fito. Mun mayar da gyara alamar talauci, har matashi ya fi son a ce ana binsa bashi da a ce ya kai kujerarsa wurin munajjid, mai sake wa kujera soso da yadi. In ka yi magana a ce maka arha ba ta ado, ko a ce bashi hanji ne. To, wannan biyan kashi-kashi da ake cewa ba ruwa a ciki, hukuncinsa na malamai ne, ba nawa ba. Abin da na sani shi ne ba ya zuwa shi kaɗai. Na kujera bai ƙare ba an ɗauki na waya, na waya bai ƙare ba an ɗauki na labule, sai albashi ya shigo da safe ya fita kafin la'asar.

Mu da muke zaune a garuruwan Manzon Allah (SAW) ya kamata mu fi kowa sanin yadda ɗakinsa yake. An tambayi Nana A'isha (RA) me yake yi a gida, ta ce yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Shimfiɗarsa fata ce da aka cusa wa zaren bishiyar dabino. Anas (RA) ya ba da labarin ƙoƙon shansa ya tsage, aka ɗaure wurin da 'yar sarƙar azurfa aka ci gaba da sha, kuma wannan yana cikin Bukhari. Wanda ya fi kowa daraja bai ji kunyar ƙoƙo mai ɗauri ba.

Kafin ku yanke wa kujera hukunci, ku kife ta. Ku ɗaga baƙin yadin da ke ƙarƙashinta ku duba ƙashin. In katako ne na gaske, mai nauyi, wanda ake ganin jijiyarsa, wannan kujera ta fi yawancin sababbin da ake tallatawa, ku riƙe ta. In kuwa garin katako ne da aka matse da gam, kuma ruwa ya taɓa shi ya kumbura yana marmashewa, ba ta da gyara, kada ku ɓata kuɗinku. Danshin Jidda ba ya raga wa irin wannan allo. Mai ƙashi mai kyau sai a kai wa munajjid. Ku tambayi farashi a shago biyu ko uku, ku sayi yadin da kanku a kan mita, kuma ku tsaya a kan maganar soso, don nan ake cutar mutum: soso marar nauyi yana da laushi ranar farko, bayan 'yan watanni ka ji katako a ƙarƙashinka. Ku ce mai ƙarfi kuke so, ku danna shi da hannu kafin a rufe. Kujerun teburin cin abinci ma ba sa bukatar munajjid. Yawanci sukuru huɗu ne ke riƙe da mazaunin, a kwance su, a ja sabon yadi ya miƙe, a harbe shi ta ƙasa da dabbasa, wato abin harba ƙananan ƙusoshin riƙe yadi. Majalisa, wato kushin ɗin zama a ƙasa, ta fi duka sauƙi, tela zai ɗinka mata riguna masu zif, in yara sun zubar da shayi a cire a wanke.

Ƙofar sif da ta karkace, sau da yawa ramin sukurun ne ya buɗe. A tsoma tsinken sakace ko na ashana a gam ɗin katako, a cusa a ramin har ya cika, a bar shi ya kwana, a karye abin da ya fito, a mayar da sukurun. Durowa kuma canja mata hannuwa kawai yana sauya mata kama.

Fenti shi ne inda gaggawa take ɓata aiki. A fara wanke maiƙo da sabulu, ya bushe. A goge da samfefa mai kaushi, lamba 120, a bi da mai laushi, lamba 220, a share ƙurar da ɗanyen tsumma. Abin da fuskarsa ke sheƙi dole a fara shafa masa asas, wato shafin farko mai sa fenti ya kama, in ba haka ba fentin zai ɓare da farce. Sannan fenti mai ruwa, shafi biyu sirara, na farko ya bushe sarai kafin na biyu. Kada a yi a ɗaki rufe da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne, kada a yi da yara ko mai ciki a wurin, kada kuma a yi a tsakar ranar bazara, don saman zai bushe cikin bai kama ba.

Wanda ba shi da tsohon da zai gyara, haraj, kasuwar kayan gwanjo, na nan: Sawarik a kudancin Jidda, Ibn Ƙasim a Riyad, ga kuma na cikin waya inda masu barin ƙasa ke karyar da kayansu saboda jirgi na jiransu. Amma ku je da ido. Ku kunna fitilar waya ku bi ɗinki da lungunan katako. Baƙaƙen ɗige-ɗige alamar kuɗin cizo ce, ku bar shi komai arharsa. Katifa dai kada ku sayi tsohuwa, wannan ba wurin tsimi ba ne. Duk yadin da ke cirewa a wanke shi da ruwa mai zafin digiri 60, katakon ya sha rana a saman bene kafin ya shiga ɗaki. Ina roƙonku don Allah, in ƙwaro ya shiga gida kada wani ya kawo muku ƙwayoyin nan na fosfin da ake sa wa a rumbun hatsi. Iskarsu tana bin bututu da ƙasan ƙofa ta shiga gidan maƙwabci, ta kashe yara a Jiddan nan, kuma an hana amfani da su a gidajen zama. Haka nan kada a haɗa bilic da ruwan wankin banɗaki mai asid wai don ya fi fita, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Ƙananan abubuwa kuwa ba su da iyaka. Haramin da aka gama umara da shi, a yanka a dalmashe baki, ya zama tawul ɗin hannu da tsumman kicin. Tsofaffin kaya da suka wuce kyauta a cusa su a tum-tum. Gwangwanin madara a liƙa masa ragowar atamfa ya zama mazubin kuka da kuɓewa. Ruwan da mukayyif ke ɗigarwa ba na sha ba ne, amma yana raya na'ana'a da ɗoɗɗoya a robar da aka yanke. Iyayenmu mata da faifai da kwarashi da allura suka ƙawata ɗakunansu a Misfala da Hindawiyya, kuma babu baƙon da ya raina su.

Sai kicin, inda kuɗin ke zurarewa ba a ji. Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 na abinci yana salwanta ko a zubar, abin da ya kai kimanin riyal biliyan 40 a shekara. Muna cikin masu zubarwar. A yi odar shinkafa da kaza na mutum huɗu alhali ana biyu, a biya kuɗin kawowa, a ci rabi, rabin ya kwana a leda ya tafi shara. Allah ya ce a ci a sha kada a yi ɓarna, yana cikin Suratul A'araf, kuma duk mun haddace. Shinkafar da ta rage a sa ta a firij da wuri, kada ta wuni a waje, gobe a soya ta da albasa da ƙwai ta yi zafi sosai. Gurasar tamis da burodin da suka bushe a daka su zama garin soya kaza. Dabinon da ya yi tauri a jiƙa shi a ruwan ɗumi a markaɗa, ya maye gurbin sukari a kunu.

Kindirmo ba ya bukatar saniya. A tafasa ruwa kofi uku, a bar shi ya huce har yatsa ya iya jurewa, a dama madarar gari kofi ɗaya, a zuba zabadi, wato yogot, cokali biyu, a rufe a sa a kula awa 6 zuwa 8 ba tare da an motsa shi ba, sannan firij. A ɗebi cokali biyu a ajiye don na gaba. In ruwan ya yi zafi da yawa ba zai kama ba, nan ne yawanci ake kuskure. Ɗanwake kuma fulawa kofi biyu, kuka cokali biyu, ruwan kanwa kaɗan, in akwai garin wake a haɗa ya fi daɗi da riƙe ciki. A jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso a ƙara masa 'yan mintoci, a tsame a ruwan sanyi. Mai da yaji da dafaffen ƙwai, an ciyar da gida. Zoɓo yana wurin kowane mai attara, wato mai sayar da kayan ƙamshi, da sunan karkade, da citta da kanumfari ya fi lemon kwalba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne siriya. Mutanen Makka da Jidda suna layi a kanta, tsiren kakanninmu ne, amma a cikin 'ya'yanmu akwai wanda bai san me ke cikin yajin ba. Ƙuli-ƙuli ne dakakke, da citta, barkono, masoro, kanumfari kaɗan, gishiri da dunƙule. In babu ƙuli a soya gyaɗa a niƙa a matse man. A yanka nama ko cinyar kaza fale-fale, a shafa mai, a birkiɗa a yajin, a bar shi ya ɗan jima, a gasa a oba. Wannan fa don cin gida nake faɗa. Sayar da abinci a ƙasar nan yana da dokarsa da lasisinsa, kada wata ta ji daɗin hannunta ta jawo wa igamar mijinta matsala.

Kai kuma Malam, kada ka tura wa matarka wannan ka koma ka kwanta. Gidan da babu sukurudireba da guduma da filaya da tef ɗin awo, laifin naka ne. Sif mai tsawo a ɗaure shi da bango tun yaro bai fara hawa durowa ba. Wayar wuta da bututun gas kam a kira masu sana'ar, ba a koyo a kansu.

Iyayenmu da gwaggonni, da girmamawa nake cewa akwai naku kason. Ranar jere ku ne kuke shafa kujera kuna tambayar daga wane shago, ku ne kuke komawa gida da labarin ɗakin wance bai cika ba. Yarinyar da ta ji wannan a makonta na farko ba za ta yarda ta sake rufe tsohuwar kujera ba, uban da ya ji kuma zai ci bashi don ta gaba. In kun shiga ɗaki kun ga gadon mahaifiyarta an yi masa sabon fenti, ku sa albarka ku yi shiru.

Wanda ya yi niyyar gyara kafin salla, ya kai wa munajjid da tela tun a Rajab. Da Ramadan ya kama aiki ya yi musu yawa, farashi ya hau, kuma mai gaggawa shi ake sa wa soso marar kyau.