Saurin Zarce Tayi Ba Shaidar Maguɗi Ba Ne

Yana damuna yadda masu saye a gwanjon intanet suke ɗauka cewa duk wanda ya zarce tayinsu nan take yaron mai kaya ne da aka sa ya ɗaga farashi. Zargin yana da tushe, domin tayin bogi yana faruwa, kuma eBay, wani shafin gwanjo na intanet, ya haramta shi, sai dai saurin martani kaɗai ba ya nuna komai.

A eBay mai saye yana rubuta iyakar abin da zai biya, sannan manhajar ta riƙa ƙara tayi kaɗan-kaɗan a madadinsa. Idan wani ya sa iyakarsa dala 80 tun jiya, kai kuma ka taya 50, za a zarce ka cikin daƙiƙa guda, wataƙila ma yana barci.

Tarihin tayin ya kamata a duba. Asusun da ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, ko mai janye tayinsa da zarar ya gano iyakar wasu, ko kayan da aka ce an sayar amma suka sake fitowa gwanjo daga hannun mai su, waɗannan ne suka cancanci a kai ƙara.