Sunanka yana cikin aji, kai kana ina?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku matasan malamai, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, nan da nan jami'o'i suka shiga rufe ƙofofinsu. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi. Aji ya koma cikin waya da kwamfuta. Zoom, dandalin taro ta bidiyo da masu shiga taro a kansa ba su wuce miliyan 10 a rana ba a Disambar 2019, ya kai miliyan 300 a Afrilun 2020. Annoba ta lafa, amma dandalolin karatu ta intanet irin su Zoom da Moodle da Google Classroom da Teams sun samu wurin zama, haka ma munanan halayen da muka koya a kansu.

Kowa ya san wannan ajin. Malami yana ta zuba bayani ga baƙaƙen akwatuna, kowane da suna a ƙasansa. Ya yi tambaya, shiru. Ya kira suna, shiru. Lacca ta ƙare, ya yi sallama, kowa ya fita, sai sunaye uku suka rage a allo ba motsi, domin masu su tun farkon darasi suka ajiye waya suka koma barci. Ɗan'uwa, wa ka yaudara? An rubuta ka halarta, kanka kuwa ba abin da ya shiga.

Ban ce dole ka kunna kyamara ba. Wani intanet ɗinsa ba ƙarfi, bidiyo kuma cin data gare shi, wani ɗaki ɗaya suke da ƙannensa. Uzuri ne karɓaɓɓe. Amma me ya hana ka rubuta tambaya a akwatin saƙo, ko ka ɗaga hannu, ko ka amsa 'yar ƙuri'ar da malami ya saka? Sai kuma masu cewa "ai an naɗa, zan kalla daga baya". Laccar yau ta hau kan ta jiya, har su taru kamar bashi, daren jarrabawa ka zo kana kallon karatun wata uku a gaggauce. Ka sani kuma, Moodle yana ajiye bayanin wanda ya buɗe darasi da lokacin da ya buɗe, don haka "wallahi na karanta" ba ta ci a nan.

Ku ma malamai, kada ku ɗauka kun tsira. Loda takardu a shafi a ɓace ba koyarwa ba ce, haka karanta allo na awa biyu ba tsayawa. A gutsuttsura darasi, a raba ɗalibai ƙananan ɗakuna su tattauna, a tsayar da lokaci a mako na amsa saƙonni, a kuma cika alkawarin. Ɗalibin da ya yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, kafin ka yanke masa hukuncin lalaci, tura masa saƙo ka tambayi lafiyarsa. Wataƙila jinya yake yi, wataƙila ma rasuwa aka yi masa a gida bai samu wanda zai faɗa wa ba.