Ga Mai Sayar wa Yara Gajeriyar Hanya

Akwai wani bawan Allah da ya addabe mu da bidiyo a 'yan kwanakin nan. Fitila a fuska, farin allo a baya, ya laƙaba wa kansa farfesa, yana karɓar kuɗin iyaye da sunan zai koya wa yaransu fiziks cikin mako biyu. Ban kama suna ba, kuma ba zan kama ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ya ƙona min rai shi ne dokar da ya ƙirƙiro wa yara: wai duk inda ka ga kaya a rataye da igiya, ƙarfin jan igiyar daidai yake da nauyin kayan, rubuta ka wuce. Malam, wa ya faɗa maka? Wannan magana tana tsayawa ne kawai idan kayan na tsaye cik, ko suna tafiya da saurin da ba ya canzawa. Da zarar sauri ya fara ƙaruwa ko raguwa, ta rushe.

Ɗauki guga cike da ruwa, kilo 10. Da g, wato yawan ƙaruwar saurin abin da ke faɗowa ƙasa, a matsayin 10, yadda ake yawan ba yara a WAEC da JAMB, nauyinsa niyuton 100 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Ka riƙe shi a bakin rijiya, igiya na ja da 100. Ka fizgo shi sama, saurinsa na ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, jan ya koma 120. Ka sassauta ya riƙa sauka da irin wannan ƙaruwar saurin, jan ya dawo 80. Shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa a lokacin fizga. Yarinyar da ke ɗibar ruwa da asuba ta san haka a tafin hannunta, amma mai allo da fitila ya rufe ido.

Doka ta biyu ta Niyuton, wadda ke cikin littafinsa na 1687, cewa ta yi a tara duk ƙarfin da ke kan abu, kowanne da inda ya dosa, abin da ya rage shi ke canza tafiyarsa. Sai ka zana. Sai ka ware kowane kaya shi kaɗai, ka sa kibiyar nauyi tana kallon ƙasa, ta igiya tana kallon sama, sannan ka yi lissafi. Wannan zanen ne mutuminmu ke ce wa ɓata lokaci.

Inda asirin ya tonu gaba ɗaya shi ne na'urar Atwud, wadda aka bayyana a Ingila a 1784: igiya ɗaya ta ratsa kan ɗan gargare, kilo 3 a wannan gefe, kilo 2 a wancan. Mutuminmu ya ce jan igiyar 30 ne a dama, 20 a hagu. Igiya guda, marar nauyi, gargare ba ya cijewa, a ce tana da ja biyu? Kuma in da tana jan mai kilo 3 da 30, me zai sa ya sauko? Ai sai ya tsaya a iska. Ga yadda abin yake, idan T ne jan igiyar, a kuma ƙaruwar saurin kayan: 30 − T = 3a, sannan T − 20 = 2a. Haɗa su, a ya fito 2, T ya fito 24. Dole ya faɗa tsakanin 20 da 30, domin babban ya sauka, ƙaramin ya hau.

Wata ɗaliba ta yi masa wannan tambayar cikin ladabi a ƙarƙashin bidiyon. Ya goge, ya toshe ta. Nan ne na kasa yin shiru, domin kuskure kowa na yi, amma toshe bakin yarinyar da ta fi ka gaskiya zalunci ne, kuma waɗannan yaran su ne gobe za su lissafa igiyar da ke ɗaga mutane a dogayen benaye.

Tunda na san kana leƙowa nan, ga aiki. Kilo 4 a kan tebur mai santsi, igiya ta bi ta gefe, kilo 1 na lilo a ƙasa. Dokarka za ta ba ka jan igiya 10. Ɗalibaina na aji huɗu sun samu 8. Fito gaban fitilarka ka nuna wa iyayen da suka biya ka inda 2 ɗin ta shiga.