Mugun fim ma yana cin lambar yabo

A majalisun samari a Aboabo da Asawase, nan Kumasi, in ana hirar wasannin talabijin sai ka ji ana cewa mai halin kirki a labari shi ya cancanci kyauta, mugu kuwa Allah ya isa. Wata hajiya a layinmu har tsaki take ja in fuskarsa ta fito.

Ai tsakin nan shaida ce cewa ya iya aikinsa. Alƙalan da ke ba da kyauta ba halin mutumin cikin labari suke aunawa ba. Suna duba yadda ɗan wasa ya shiga rigar wani har ka manta wasa ne: muryarsa, kallonsa, da shirun da yake yi kafin ya ba da amsa.

Dubi kyautar Emmy ta wasannin talabijin a Amurka, wadda aka fara a 1949. Bryan Cranston ya ci ta gwarzon ɗan wasa sau 4, a 2008, 2009, 2010 da 2014, kuma malamin makaranta ya fito wanda ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi da kisan kai. Abokan sana'arsa ne suka zaɓe shi.