Gumin gilashin kyamara ba lalacewa ba ne

Masu ɗaukar hoto da yawa a Katsina, da gilashin leƙawa ya yi gumi, sai su ce ruwa ya shiga kyamara. A'a, raɓa ce kawai. A watan Agusta iska cike take da laima. Ka fito da kyamara daga mota mai iyakwandishan a gindin hasumiyar Gobarau, iska mai ɗumi ta taɓa gilashi mai sanyi, nan take ya dushe. Da asubahin hunturu kuwa, numfashinka ne ke jawo hakan.

Don Allah kada ka goge da bakin riga, ƙura za ta karce gilashin. Bar kyamarar cikin jakarta a zuge, minti 20 zuwa 30, har ta ɗauki ɗumin waje.