Gonata ta sama

Fili dai ba ni da shi, sai 'yar baranda. Da na ga mutane na shuka a kwandon ratayewa, na ce to ni ma na yi gona. Na samo kwando mai faɗin santimita 35, na shimfiɗa masa zaren ɓawon kwakwa, na ɗebo ƙasa mai laka na danƙara masa. Na dasa tumatir biyu, latas, na'a-na'a, da furen fetuniya don kwalliya. Sannan na kafa wata siririyar ƙusa a katako na rataye shi.

Nauyin ruwa ne ban sa a lissafi ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce cur, laka kuwa in ta sha ba ta saki. Na ɗura lita huɗu, na tsaya a ƙarƙashi ina yaba aikina, sai ƙusa ta ce ba da ita ba. Tim! Kwando a kafaɗa, latas a ka kamar hula, laka har cikin kunne.

Matata ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa. "Sannu da aiki, Maigida. Har an fara girbi?"

Na yi kamar ban ji ba. Washegari na ɗaura ƙugiya mai ƙwari da sukurori, na canza ƙasa zuwa marar nauyi. Ita kuma nata halin daban. Kwandon da ke lilo iska na dukansa ta kowane gefe, ranar zafi sai an shayar da shi safe da yamma. Na yi tafiyar kwana biyu, na dawo na tarar ƙasar ta ƙame ta janye daga jikin kwandon. Ina zuba ruwa ya bi ta gefe, shaa, ya sauka cikin takalmina, saiwa ko ɗigo ba ta samu ba. Sai da na tsoma kwandon gaba ɗaya cikin bokiti har kumfa ta daina tasowa.

Latas ya riga mu gidan gaskiya. Na'a-na'a kuwa, da yake ta ƙarƙashin ƙasa take yaɗo, ta mamaye wurin ta shaƙe fetuniya. Tumatir ɗin ma ashe irin dogon nan ne, ba mai ƙananan 'ya'ya da rassansa ke zubowa ƙasa ba. Ya miƙe har ya daki rufi ya lanƙwashe, yana neman ranar awa shida a barandar da ke samun awa biyu.

Jiya na hau kujera da butar ban ruwa, sai muka haɗa ido da kurciya. Ta shirya 'yan tsinkayenta a tsakiyar na'a-na'a, ta kwanta kan ƙwai biyu. Matata ta kafa doka: ba ruwa, ba taɓawa, sai an ƙyanƙyashe, wajen mako biyu ke nan. Na sauko da butata a cike.