Layi ɗaya a fstab bai kamata ya hana kwamfuta tashi ba

Tsakani da Allah lokaci ya yi da masu gina Linux za su sauƙaƙa mana yadda ake gaya wa na'ura wane faifai za ta ɗora a wace folda. Har yau fa da /etc/fstab muke fama, wato fayil ɗin da ake rubuta wannan bayanin a ciki, tsarin da asalinsa tun BSD (wani tsohon nau'in Unix) na wajajen 1980 ne, kowane layi gida shida: faifan, inda za a ɗora shi, nau'insa irin su ext4 ko xfs, zaɓuɓɓuka, sai lambobi biyu a ƙarshe. Ta biyar ɗin nan ta wata tsohuwar manhajar ajiye kwafi ce wai ita dump, kusan ba mai amfani da ita yanzu, amma in kana son sa ta shida, wato ta duba lafiyar faifai, dole sai ka fara rubuta 0 a gidan ta biyar, yawancinmu kwafa kawai muke ba mu san dalili ba.

Sai maganar suna. Ka rubuta sunan faifan /dev/sdb, gobe ka soka filashi kafin kunnawa ya koma sdc, to a ce maka yi amfani da UUID, lambar shaidar faifai mai haruffa da lambobi 32 da ba ɗan adam ɗin da zai haddace. Sunan folda in akwai fili a tsakiya kuwa sai ka rubuta \040 a madadin filin. Haba jama'a.

Abin da ya fi ci min rai shi ne hukuncin kuskure. Wani abokina ya sa faifansa na waje a fstab, ran nan ya cire ya tafi da shi gida, da safe ya kunna kwamfuta ta tsaya jiran faifan daƙiƙa 90 sannan ta jefa shi baƙin allo na gaggawa, alhali ba abin da ya lalace, kalma ɗaya ce kawai bai sa ba, nofail, mai cewa a ci gaba da tashi ko faifan ba ya nan. Ina sabon shiga zai san da ita?

Kuma ba wai ba mafita ba ne. A NixOS da Guix, wasu nau'o'in Linux, kowane gida da sunansa, ka ce ga faifai, ga nau'i, ga wurin ɗorawa, ba ƙirgen gida na nawa kake. systemd ma, manhajar da ke tafiyar da tashin Linux, na iya gane ɓangaren tushe da home (na fayilolin mai amfani) da swap (na taimaka wa RAM) da kansa a faifan da aka rarraba da tsarin GPT ba tare da ka rubuta komai ba. Ni a ganina abu biyu kawai ya kamata a tambayi mutum, wane faifai, a ina, sauran ai na'ura ta riga ta sani.

Na san masu kula da saba za su ce gara ta ƙi tashi da rumbun bayanai ya yi ta rubutu cikin folda wayam. Gaskiyarsu, amma su ƙwararru ne, su ya kamata su ƙara kalmar tsaurarawa, ba ɗalibi mai laftof ɗaya ba.

Kafin a gyara dai, sa wa faifanka LABEL, wato suna mai ma'ana da za ka rubuta a fstab maimakon UUID, kuma in ka taɓa fstab buga umarnin findmnt --verify ya duba maka kuskure kafin ka sake kunna na'urar.